Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya: Rage Ƙiba a Kan Sirdin Keke

A kakar 2024, ranar da na kai riɗina wurin masu saye a kasuwa, da aka gama auna buhunan sai na roƙi yaron da ke kula da sikelin ya bari ni ma in hau. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Malam, kai ma sayar da kai za a yi?” Na hau, allura ta yi rawa ta tsaya a kan kilo 89. A lokacin shekarata 4 ina hawan keken tsere da na saya na hannu a Kano, kuma kusan kowace Asabar nakan bar ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim bayan sallar asuba, in hau kwalta in miƙa ta wajen Taura da Gujungu, in juyo gida kafin rana ta take. Duk da wannan wahala tumbina bai ragu ba, domin abin da na ƙona a hanya nakan mayar da shi har da riba a kwanon tuwo da teburin mai shayi. A ranar na ƙudurta sai na sauke kilo 10, kuma kamar yawancin masu irin wannan ƙuduri, na fara da hanyar da ta fi kowace muni.

Na daina karya kumallo gaba ɗaya, na mayar da tuwon dare rabin malmala, na haramta wa kaina fura da dabino da duk wani abu mai zaƙi, alhali ban rage ko kilomita ɗaya daga tafiyar da na saba yi ba. Cikin mako biyu sikelin wani mai kemis a garinmu ya nuna na sauke kilo 3, na riƙa jin kaina kamar wanda ya gano sirrin da ya gagari likitoci. Sai daga baya na fahimci cewa yawancin abin da ya tafi ba kitse ba ne. Jiki yana ajiye sukarin da yake samu daga hatsi da sauran abinci masu sitaci a cikin tsoka da hanta, a wata siffa da masana ke kira gilaikojin, kuma abin da babban mutum ke iya ajiyewa bai cika wuce giram 400 zuwa 500 a tsoka da kimanin giram 100 a hanta ba. Kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram 3, saboda haka wanda ya yanke hatsi zai ga kilo 2 sun ɓace cikin ’yan kwanaki, ya ɗauka teɓa ce ta narke, alhali rumbunsa ne ya zama wayam. Kitse kuwa ba ya tafiya da irin wannan sauri, domin kilo ɗaya nasa yana ɗauke da kalori (ma’aunin kuzarin da ke cikin abinci) kusan 7,700, wato kimanin abincin kwana 3 na magidanci.

Gaskiya ta yi halinta wata Asabar a cikin Janairu, ana tsakiyar hunturu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, don haka duk wanda ya bar Ringim ya nufi wajen Haɗeja, to da ita zai yi ta kokawa tun daga fita. Na fita da gorar ruwa biyu, babu ko ƙwayar dabino a aljihuna, cikina kuma babu komai tun rabin malmalar daren jiya. Awa biyun farko lafiya lau. Da na shiga ta uku sai ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, na sauke giya zuwa mafi laushi amma ban ji sauƙi ba, gumi mai sanyi ya karyo mini duk da ɗarin da ake yi, yatsuna na karkarwa a kan birki, bakin kwalta kuma ya fara rabuwa biyu a idona. Wani dattijo a kan tsohon keke Phoenix, da buhun gero ɗaure a kariya, ya zo ya wuce ni yana yi mini sannu, ko amsa masa ban iya yi da kyau ba.

Na sauka a gindin wata tsamiya inda wata Bafulatana ke zaune da ƙwaryar nononta. Kallo ɗaya ta yi mini ta ce, “Malam, wannan ba ciwo ba ne, yunwa ce, samu wuri ka zauna.” Na ce, “Inna, a dama mini fura, amma kada a sa sukari.” Ba ta tanka mini ba. Ta ɗauko dunƙule biyu ta murje su da bayan ludayi a ƙaramar ƙwarya, ta zuba nono, ta kwance ƙullin sukari ta juye shi duka, ta miƙo mini. Kafin minti 15 ganina ya daidaita, karkarwar ta tsaya, na tashi na dawo gida iska tana tura ni ta baya, ina jin kunyar kaina.

Bayan wannan rana ne na zauna na nemi sanin abin da ya same ni. Jikin mai keke rumbu biyu gare shi. Na farko shi ne kitse, wanda yake da girman gaske, domin ko siririn mutum yana ɗauke da dubban kalori masu yawa a cikinsa, sai dai ƙofar wannan rumbu ƙarama ce, abin da ke fitowa daga ciki a hankali yake fitowa, ya ishi mai tafiyar da zai iya hira a kanta ba tare da haki ba, amma ba zai ishi mai kokawa da iska ba. Na biyu shi ne gilaikojin, ƙaramin rumbu mai faffaɗar ƙofa, wanda duka-duka bai wuce kalori 2,000 zuwa 2,400 ba, kuma shi tsoka ke ɗiba da zarar an matsa wa feda. Ƙwaƙwalwa ma da sukarin da hanta ke saki cikin jini take aiki, ajiyar hanta kuwa raguwa take yi cikin dare yayin da mutum ke barci, shi ya sa jiri da dishi-dishin gani suke zuwa tare da mutuwar ƙafa. Lissafin ba shi da wuya. Mutumin da ke fitar da ƙarfin wat 150 (wat shi ne ma’aunin ƙarfin da ake taka feda da shi) na tsawon awa ɗaya ya yi aikin kilojul 540 (kilojul kuma ma’aunin yawan aikin da aka yi ne), kuma da yake jiki kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar kawai na abin da ya ƙona yake mayarwa motsi, sauran ya tafi a zafi, wannan awa tana cin kalori 540 ko fiye. Awa 3 ke nan sun haura 1,600. Ni kuwa na fita ne da rumbun da na kwashe makonni ina yashewa. Magabata sun riga sun faɗa cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ni ne dai na ɗauka maganar ba ta shafi keke ba.

Akwai wani lissafin kuma da na so a ce na yi shi tun farko, domin da ya rage mini gaggawa. Yawancinmu masu sha’awar keke a nan daga hotunan gasar Tour de France ta ƙasar Faransa muka ɗauko ra’ayin cewa gwanin keke dole ya zama kamar sillen kara. Ana yawan kafa misali da Chris Froome, ɗan Birtaniya haifaffen Kenya, wanda ya lashe gasar a 2013 da 2015 da 2016 da 2017. Gwajin da aka yi masa a 2007 ya nuna nauyinsa kilo 75.6, a shekarun da yake cin gasar kuwa yana wajen kilo 67, alhali ƙarfin da yake fitarwa bai canja sosai ba. Abin lura a labarinsa shi ne wannan jimla ta ƙarshe, wato nauyi ya tafi amma ƙarfi ya zauna, kuma an yi hakan ne cikin shekaru, da likitoci da masu dafa abinci a kansa. Sannan a kan manyan tsaunuka ake raba gardamar waccan gasa, inda kusan duk ƙarfin mutum ke tafiya wajen ɗaga nauyinsa da na kekensa zuwa sama, ta yadda wanda ya rage kilo 5 daga jimillar kilo 95 zai ƙara sauri da kusan kashi 5 cikin ɗari.

Mu kuwa ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai. In ka cire duwatsun Dutse da na Birnin Kudu da tuddan Kazaure, sai ka yi tafiyar yini a Jigawa ba ka haɗu da hawan da zai tayar da kai daga sirdi ba, a jihar Kano ma sai mutum ya nausa kudu can wajen Riruwai kafin ya ga tsauni na sosai. A shimfiɗaɗɗiyar hanya abokin gabar mai keke iska ce, domin wanda ke gudun kilomita 30 a awa kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa wajen tsaga iska yake ƙarewa. Da na lissafa abin da kilo 5 ke ragewa na gugar taya da kwalta mai kyau a wannan gudu, wat 2 ne kacal ko kusa da haka, sai ɗan ƙarin da ake samu saboda jikin da ya rage faɗi ya fi shigewa cikin iska. Wanda ya yi wa kansa horon yunwa kuwa yana iya zubar da ninkin wannan sau goma bai sani ba. Shi ya sa na fi ganin darasi a wurin Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya ci zango 3 a gasar Tour de France ta 2024 ya kuma tafi da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki, domin shi da ƙarfin ƙafa da gudun ƙarshe ya yi fice. Ban fasa niyyar rage nauyi ba, saboda gwiwoyina da lafiyata da zafin bazara da hanyoyin burji masu yashi duk suna bukatar hakan, amma na daina yarda in biya shi da ƙarfin feda.

Tsarin da na koma kansa tun daga Fabrairu mai sauƙin faɗa ne. Giɓin da nake bari tsakanin abin da na ci da abin da na ƙona bai wuce kalori 300 zuwa 500 a rana ba, wanda ke sauke kwata zuwa kusan rabin kilo a mako idan abubuwa sun tafi daidai. Wani bincike da aka yi a ƙasar Norway aka wallafa a 2011 ya ƙarfafa mini gwiwa, inda aka raba ’yan wasa gida biyu, aka tsara wa wasu rage kashi 0.7 cikin ɗari na nauyinsu a mako, wasu kuma ninkin haka, dukkansu suna ɗaga ƙarfe, sai aka tarar masu bi a sannu har ƙarin tsoka suka samu, masu gaggawa kuwa ba su samu ba.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce daga ina za a yanko wannan giɓi, kuma a nan ne na ga yadda na zalunci tuwo ba da haƙƙinsa ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da kalori kusan 120, mu kuwa ɗanwake ko garau-garau ba ya yi mana daɗi sai mai ya kwanta a gindin kwano. Lemon roba mai santilita 50 yana ɗauke da sukari fiye da giram 50, wato kalori 200 da ake shanyewa a tsaye ba tare da ciki ya san an ci wani abu ba. Soyayyar gyaɗa giram 100 ta haura kalori 550, kuma ita ce nake watsawa baki a majalisa bayan isha’i ana hira, ban taɓa lissafa ta cikin abinci ba. Sai shayin dare, da madararsa da sukarinsa da burodi da aka shafe da bota. Da na rage waɗannan huɗun na samu giɓin da nake nema har da ragowa, ba tare da na taɓa malmalar tuwona a ranakun da nake bukatarta ba.

Daga nan sai na daina cin abinci iri ɗaya kowace rana, na sa cin ya riƙa bin aikin da ke gaba. Ranar da ba zan hau keke ba, ko zan yi ɗan zagayen awa ɗaya a hankali, ita ce ranar ragi, hatsi kaɗan, wake da ganye da yawa. Daren Juma’a kuwa, da yake Asabar ce ranar doguwar tafiya, tuwon dawa nake ci in ƙoshi ba tare da wani ɗar-ɗar ba, da asuba kuma in sha koko mai kauri da ayaba ko ɗan ɗumame kafin in fita. A kan hanya, duk tafiyar da za ta wuce awa ɗaya da rabi tana bukatar giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa, ƙwararru ma sukan kai giram 90 ko fiye a doguwar gasa. Turawa suna da ’yan ƙullin zaƙi na musamman da suke tsotsa, masu tsadar da ba ta da dalili a wurinmu, tunda Allah ya hore mana dabino, har ma a Dutse cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa take da reshenta na binciken dabino. Giram 100 na busasshen dabino yana da sukari kusan giram 70, saboda haka ƙwaya 6 zuwa 8 na ƙanana sun ishi awa ɗaya. Nakan cire ƙwallayen tun da dare in ƙulla su kashi-kashi a leda, kowane ƙulli na awa ɗaya, in haɗa da gutsuren mazarƙwaila ko dafaffen dankalin Hausa don kada baki ya gundura. Ina fara ci ne tun wajen minti 45 da fita, tun yunwa ba ta yi sallama ba, domin idan ta riga ta iso to an makara. Abin dariya shi ne sukarin da na hana kaina a kofin shayi shi nake zubawa a gorar keke, kuma babu saɓani a ciki, domin wanda aka sha a zaune ajiya yake nema, wanda aka sha ana taka feda kuwa nan take tsoka ke cinye shi.

Wannan cin na kan hanya ya warware mini wata matsalar da ta daɗe tana ɗaure mini kai, wato dalilin da ya sa shekara 4 ina tafiyar awa 3 ko 4 amma tumbi na nan daram. A da nakan dawo gida da yunwar kura, in ci na rana ninki biyu, in kwanta, in tashi in nemi wani abin, har washegari Lahadi cikina bai daina kira ba. Yanzu da nake ci a hanya, ina dawowa da yunwa irin ta mutane, in sha fura da nono cikin awa ɗaya da sauka, wadda ta haɗa hatsin da zai mayar da ajiya da furotin, wato sinadarin gina jiki, da zai gyara tsoka, sannan in jira abincin rana kamar kowa.

Furotin shi ne ɓangaren da ya fi ba ni wahala, kuma har yanzu ba kullum nake cika shi ba. Mai atisaye da ke rage nauyi ana so ya samu giram 1.6 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, don kada jiki ya juya ya ci tsokarsa, wanda a wurina ya kama giram 135 zuwa sama. Ƙwai ɗaya giram 6 kawai na furotin gare shi, don haka wanda ya ce da ƙwai zai cika wannan adadi sai ya ci fiye da 20, abin da albashin malamin firamare ba zai ɗauka ba. Sai dai a tattaro daga nan da can. Busasshen wake giram 100 yana da fiye da giram 20, waken suya da ake awara da shi ya haura giram 35, litar nono tana da fiye da giram 30, ga ƙuli-ƙuli, ga bandar kifin da ake kawowa daga Haɗeja, ga fara idan lokacinta ya yi, sai nama ranar kasuwa. Na fi ganin amfaninsa idan na rarraba shi a ci 3 ko 4 maimakon in tara shi duka da dare. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya zama abokina na la’asar, domin yana cika ciki, kalorinsa kuma kaɗan ne muddin ba a malala masa mai ba. Sau biyu a mako nakan rungumi jarkar ruwa mai lita 25 in yi ta tsugunawa ina miƙewa a bayan ɗaki, abin da yarana suka mayar wasan kallo. Da damina ta sauka kuwa fartanya ta karɓi wannan aiki, na rage hawan keke, ban kuma bar wani giɓi a abinci ba a makonnin noman farko, saboda yinin gona ba ya ƙasa da doguwar tafiya wajen cin ƙarfi.

Littattafan Turawa suna cewa a auna abinci a sikeli, amma ba su san ciyayya ba. Mu a gidanmu da ni da ƙannena biyu a zaure muke haɗuwa bayan magariba, kowa a fito da kwanonsa daga ɗakinsa a haɗa a ci tare, kuma wanda ya tsame hannu da wuri sai an tambaye shi ko wani abu aka yi masa. Dabarar da na samu ita ce in ci kwaɗona tun kafin a fito da tuwo, in riƙa yanka ƙaramar loma ina jan hira, ta yadda za mu tashi tare amma na ci rabin abin da na saba. Mahaifiyata ce ta fara lura. Wata safiya da na je gaishe ta, ta ƙare mini kallo ta ce, “Wai lafiya kake ta zubewa haka, ko yarinyar nan ba ta ba ka abinci ne?” A nan na gane cewa a ƙauye ramar magidanci ba tasa ba ce shi kaɗai, matarsa ake fara tuhuma, sannan a koma zargin ciwo ko bashi. Na ce, “Inna, wallahi da gangan nake yi, kuma ita ke taimaka mini.” Ba ta gamsu ba sai da ta ga ina cin tuwon daren Juma’a a gabanta. Mai ɗakina kuwa da na yi mata bayanin mai, cewa ta yi, “Malam, in dai wannan ne ka bar mini,” tun daga ranar take kawo mini man ɗanwake a ɗan kofi daban da ƙaramin cokali a ciki.

Bazara tana da nata ruɗin. A Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a nan, kuma wata rana da na auna kaina kafin fita da bayan dawowa na tarar kilo 2 sun tafi cikin awa 3, duk da ruwan da na sha a hanya. Wannan gumi ne, kuma ba abin murna ba ne, domin rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ya isa ya rage wa mutum ƙarfi, musamman a cikin zafi. Gora ɗaya nakan cika ta da ruwa zalla, ɗayar kuma in yi haɗin nan da ma’aikatan lafiya suka koya wa iyaye mata, wato lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Samarin da nake gani suna gudu da rigar leda a cikin rana don su yi gumi su rame, da masu sayen shayin rage ƙiba da yawancinsa gudawa da fitsari kawai yake sa mutum, duk ruwan jikinsu suke zubarwa, kofi biyu kuma zai mayar da shi. Ni yanzu sau ɗaya nake hawa sikeli a mako, da safe kafin in ci komai, a kan sikeli ɗaya, sannan na fi gaskata zariyar wandona a kan allurarsa.

Azumin 2025 a watan Maris ya faɗo, kuma na yanke shawarar ba zan nemi rage ko giram ɗaya a cikinsa ba, burina kawai kada ƙarfin da na tara ya zube. Nakan yi zagaye mai sauƙi na minti 45 zuwa awa ɗaya dab da magariba, kusa da gida, yadda ina sauka ana kiran salla, atisaye mai zafi kuwa sai bayan asham, a ɗan guntun titin da na san ramukansa, da fitila a goshi. Tarkon azumi ba yunwar rana ba ce, soye-soyen buɗa-baki ne, ƙosai da dankali da wainar fulawa da mutum zai tasa a gaba yana ganin ai ya wuni bai ci ba. Bayan salla na ci gaba da azumin Litinin da Alhamis da na saba, sai na mayar da su ranakun hutun keke, Juma’a ta zama ranar cika rumbu, Asabar ta samu abin da take bukata.

Duk da wannan taka-tsantsan sai da na sake zarcewa sau ɗaya. Ina da wani yanki na kwalta mai kilomita 10 tsakanin kwalbatoci biyu da nake gwada kaina a kansa duk bayan mako biyu, da sassafe kafin iska ta tashi, tunda ba ni da na’urar auna wat. A cikin Yuni lokacina ya ƙaru sau biyu a jere, barcina ya lalace, ina farkawa tsakar dare da yunwa, mura ta ƙi sakina, ɗalibaina kuma suka fara shan faɗan da ba su ci ba. Waɗannan suna cikin alamomin abin da Kwamitin Olamfik na Duniya ya yi wa suna a 2014, wato ƙarancin kuzari a jikin ’yan wasa, inda abin da ya rage wa jiki bayan an cire na atisaye ba ya isarsa gudanar da sauran ayyukansa. Yana taɓa maza da mata, a mace yakan ɗauke al’ada, a namiji yakan rage sha’awa, a duka biyun kuma yana raunana ƙashi, wanda dama masu keke ba su cika samun ƙarfinsa kamar masu gudu ba, da yake sirdi ne ke ɗauke da nauyinsu. Na fara zuwa asibiti aka duba ni ko zazzaɓin cizon sauro ne ko ƙarancin jini, domin su ma haka suke kashe jiki, da aka ce babu sai na rufe giɓin gaba ɗaya na mako biyu, na ci daidai da abin da nake ƙonawa. A gwaji na gaba lokacina ya dawo, har ya ɗan fi na da. Wanda yake da ciwon sukari ko hawan jini ko gyambon ciki kuwa, bai kamata ya taɓa ko ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa ba, har da haɗin gishiri da sukari, sai ya zauna da likita.

A kakar 2025 na sake kai riɗi wurin masu sayen nan, na tarar da yaron yana nan a bakin sikelinsa, kuma tun kafin in yi magana ya sauke buhun da ke kai ya ce, “Malam, bismilla.” Allura ta tsaya a kan kilo 81. Kilo 8 ke nan a shekara guda, biyu sun rage daga goman da na yi wa kaina alkawari, kuma na bar su inda suke, domin sau biyu ina gwada gangarawa ƙasa da 80 ina ganin lokacina tsakanin kwalbatocin nan yana lalacewa. Tafiyar da a da nake yi a awa 3 da rabi yanzu ina gama ta da ragowar kusan minti 20, in sauka in shiga gona da yamma. Asabar mai zuwa ni da wani abokina muna shirin zuwa Dutse mu kwana mu dawo, na riga na ƙulla dabino ƙulli 6, mai ɗakina kuma ta jiƙa geron kokon asuba.